Maigidana yana jin saƙonnina alhali wayar tana hannuna

Tambaya

Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce a Kaduna, shekararmu bakwai da aure, yaranmu uku. Ina sayar da atamfa da leshi da turaren wuta ta WhatsApp, kuma alhamdu lillahi ana samu. Wayar da ke hannuna maigidana ne ya saya mini, shi ya buɗe imel ɗin da ke kanta, layin ma da sunansa aka yi rajista don lokacin ban yi NIN ba. Tun ranar farko ya sa zanen yatsansa a kai, ya ce tsakanin miji da mata ba ɓoye-ɓoye. Ban ɗauke shi komai ba.

To 'yan watannin nan sai ya fara gaya mini maganganun da ban faɗa masa ba. Aminiyata ta turo mini saƙon murya cikin dare tana kuka kan halin da take ciki a gidanta. Washegari ya maimaita mini kalamanta, ya ce in rabu da ita. Ba a jima ba maganar ta isa kunnen mijinta, don majalisarsu ɗaya, yanzu ko gaisuwata ba ta amsawa. Ranar da na kai yaro asibiti na biya kasuwa, ban kai ga fitowa ba ya kira, wai me nake yi a kasuwa. Wani kwastoma ya rubuto "na gode Hajiya, Allah ya bar zumunci", sai da ya sa na yi bulokin ɗinsa.

Da na yi magana sai ya ce mara gaskiya ko a ruwa gumi yake, in ba ni da abin ɓoyewa me ya dame ni, wai ƙawaye sun koya mini feminisanci. Umma ta ce in yi haƙuri, kishi so ne. Gaskiya bai taɓa ɗaga mini hannu ba, kuma ci da sha da kuɗin makarantar yara bai gaza ba. Wallahi ban taɓa cin amanarsa ba, amma yanzu da na ji ƙarar shigowar saƙo sai gabana ya faɗi. Ƙanwata ta ce in sayi ƙaramar waya in ɓoye, ko ni ma in sa a haɗa mini tasa. Anti, haƙƙinsa ne? Yaya zan yi?

Baiwar Allah, Kaduna

Amsa

Wa alaikumus salam ƙanwata. A'a, ba haƙƙinsa ba ne. Sadaki bai saya masa wannan ba, kuɗin wayar ma bai saya masa ba. Shawarwarin ƙanwarki kuma duka biyun ki ajiye su gefe, zan gaya miki dalili in mun isa wurin. In da wannan wayar kika rubuto mini, ki ɗauka ya riga ni karantawa, duk abin da za ki yi daga yanzu ki yi shi da sanin haka.

Abin da ya fi tsaya mini a rai cikin wasiƙarki shi ne aminiyarki. Ke kina ganin wayarki aka buɗe, amma ita aka tona wa asiri. Mace ta tashi tsakar dare, ta duba duniya ta rasa wanda za ta gaya wa sai ke, ta danna ta yi kukanta, ba ta san da namiji a bayan labule ba. Shi kuma bai tsaya a saurare ba, ya ɗauka ya kai majalisa. Ko da kin ba shi izinin duba wayarki sau dubu, ba ki da ikon ba shi izinin jin sirrin wata, don ba naki ba ne. Duba abin da ke cikin wayar nan. Akwai saƙon Umma kan ciwon da ba ta son surukinta ya sani. Akwai hoton ƙanwarki ba ɗankwali tana tambayarki ko kitson ya yi. Akwai guruf ɗin 'yan ajinku da na 'yan adashi, inda mata ke sakin baki su yi magana irin ta mata. Akwai kwastomar da ta ce ki ɗaga mata ƙafa sai ƙarshen wata, kar maigidanta ya ji ta ci bashi. Duk matan wasu ne da 'ya'yan wasu. In ranar magana ta zo, ki tambaye shi ko zai yarda mijin aminiyarki ya zauna yana sauraron saƙon muryarki.

Masu irin wannan hali sukan fake da al'ada, to al'adar ma ba ta san shi ba. Ko a gidajen da ake kulle mai tsanani, inda aka rubuta "ba shiga" a ƙofar zaure, maigida yana iya hana fita, amma ba ya zama a wurin kitso, ba ya laɓewa a ƙofar ɗakin mai jego ya ji abin da mata ke faɗa, ba ya buɗe kwallar matarsa ya ƙirga kuɗin adashinta. Namijin da aka kama yana haka, sunan da unguwa za ta laƙaba masa har jikokinsa sai sun gada. Iyayenmu mata daga cikin ɗaki suka yi sana'a, ƙuli-ƙuli da fura da ɗinkin hula, 'yar talla ta fita da kaya ta dawo da ciniki da labari, dillaliya ta bi gida-gida. Layukan GSM suka shigo Najeriya a 2001, manyan wayoyi suka biyo baya, sai waya ta karɓe aikin 'yar talla da na dillaliya da na ɗan aike, a wasu gidajen har yarinyar ta samu sararin zuwa makaranta. Alheri ne babba. Amma duk wannan duniyar ta mata, wadda a da take warwatse a gidan suna da tsakar gida da bakin murhu, yanzu ta tattaru a cikin abu ɗaya da ake buɗewa da yatsa. Wanda ya sa yatsansa a kai ya samu abin da kakansa bai taɓa samu ba, bai ma taɓa nema ba. In an ce ke kika zo da sabon abu gidan, ki san shi ya zo da shi.

Addini kuwa bai bar wurin musu ba. Aya ta 12 a Suratul Hujurat ta jero abu uku: a nisanci yawan zato, kada a yi binciken asirin juna, kada a yi gulma. Dubi yadda suka biyo juna a gidanki, zato ya kawo leƙe, leƙe ya kai magana majalisa. Ayar ba ta ce "sai dai matanku" ba. Hadisin Jabir da ke cikin Sahihu Muslim ma a kan iyali ya zo kai tsaye, inda Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya hana matafiyi ya faɗo wa iyalinsa da dare yana tuhumarsu da ha'inci ko yana neman tuntuɓensu. Umma ta ce kishi so ne, da gaskiyarta ta wani gefen, amma hadisin da Abu Dawuda da Nasa'i suka kawo ya raba kishi biyu: wanda Allah yake so shi ne mai dalili, wanda yake ƙi shi ne kishi ba tare da abin tuhuma ba. "Allah ya bar zumunci" daga bakin wanda ya sayi turmin atamfa ba abin tuhuma ba ne, haka ake sallama a kowace kasuwa. Batun shi ya sayi waya kuma, kyauta ce, ta zama taki tun ranar da ya miƙa miki, kuma kin san abin da hadisi ya kamanta mai komawa wa kyautarsa da shi.

Na san maza suna karanta wannan fili, kuma wani zai ce to in zargin na gaske ne fa? Shari'a ta ba shi hanya. Ya tambaya, ya yi nasiha, ya kira manya, in zuciyarsa ta ƙi kwanciya Suratul Baƙara ta ce riƙo da alheri ko saki da kyautatawa. Tuhumar mace da alfasha kuwa sai da shaidu huɗu ko li'ani a gaban alƙali. Addinin da ya tsaurara haka don kare mutuncin mace ba zai dawo ya ce a zauna da ita shekara da shekaru ana laɓe mata ba.

Karin maganar da ya jefa miki mai kyau ce, an dai ɗora ta a inda ba wurinta ba. Gumin da kike yi na wanda ake tsaye a kansa ne. Na tabbata kin fara rubuta saƙo ki goge, kin daina sa alamar dariya in namiji ne, kina auna yadda zai fassara kalma kafin ki tura wa yayanki uwa ɗaya uba ɗaya. In wani abu ya dame ki a jikinki sai ki fasa bincikawa, kar ya gani ya tambaya. Ai yanzu ko bai duba ba aikin yana tafiya, kin zama mai gadin kanki. Kuma rashin samun komai ba ya kwantar wa mai zargi hankali, in ya duba bai gani ba sai ya ce an goge. Akwai hadisin Mu'awiya a Abu Dawuda da ke cewa in ka bibiyi aibobin mutane za ka lalata su, ko ka kusa. Ga ki nan, macen da ba ta taɓa ɓoye komai ba, har an fara ba ki shawarar waya ta biyu.

Bari in nuna miki yadda ake yi, don ki daina ganin kamar tsafi ne. Daga abin da kika bayyana, ba sai an kai ga wata manhajar leƙen asiri ba, ƙofofin gaba ma a buɗe suke. Saƙonnin WhatsApp a kulle suke tsakanin mai turawa da mai karɓa tun 2016, ko kamfanin ba ya karantawa, amma yana ba da dama a haɗa lamba ɗaya da wasu na'urori har huɗu, kuma tun 2023 har da wata wayar. Minti ɗaya ya isa. Kina wanka a buɗe da yatsa, a haska lambar QR, shi ke nan, abin da ya shigo miki ya shigo masa, har saƙon murya da hoto. Ki taɓa ɗigo ukun nan na sama ta dama, ki shiga inda aka rubuta Linked devices. In kin ga sunan Chrome ko Windows ko wata waya, da lokacin da aka shiga na ƙarshe, alhali ke ba ki da kwamfuta, ga amsarki nan. Kada ki cire tukuna. Ki sa ƙanwarki ta ɗauki hoton fuskar wayar da tata wayar, ta ajiye.

Kiran kasuwa kuma da wuya in ba daga imel ya fito ba. Wanda ya san lambar sirrin asusun Google da ke kan waya yana iya zama a ofis ya ga inda wayar take a taswira, ta hanyar da aka tanada don neman wayar da ta ɓata. Yana ganin hotunan da suka hau Google Photos, da sunayen da kika ajiye, da abin da kika bincika. Ko kuma ya kunna raba wuri a Google Maps ya tura wa kansa. Ki taɓa hotonki a sama cikin Maps ki duba Location sharing. Masu iPhone suna da Safety Check tun 2022, wanda ke nuna duk wanda ake raba wa bayanai a wuri ɗaya.

Layi shi mutane suka fi rainawa, ni kuwa shi ya fi tayar mini da hankali a batunki. Tun da hukumar sadarwa ta NCC ta wajabta haɗa layi da NIN a Disamban 2020, a wurin kamfani mai layi shi ne wanda NIN ɗinsa ke kai, ko da wani ke riƙe da sim ɗin. Ranar da rai ya ɓaci yana iya zuwa ya yi welkam-bak, sim ɗin hannunki ya mutu, lambar da kwastomominki suka sani ta koma aljihunsa tare da alat da lambobin tabbatarwa da banki ke turowa. Shekarun da kika yi kina tara kwastoma, a kan lambar wani kika tara su. Alhali kuɗin atamfarki naki ne, Suratun Nisa'i aya ta 32 ta ce maza suna da rabo daga abin da suka nema, mata ma suna da rabo daga abin da suka nema.

Akwai kuma manhajojin da aka ƙera don wannan aiki, ana tallarsu da sunan kula da yara ko ma'aikata. Sai an riƙe wayar a hannu ake sa su, su ɓoye alamarsu, su ari suna mai kama da na kayan cikin waya. A Android yawanci sai an kashe Play Protect, wato mai gadin da ke tace manhajoji masu cutarwa, kafin su zauna, don haka ki buɗe Play Store ki duba. In a kashe yake kuma ba ke kika kashe ba, alama ce. Ana ambaton saurin cinye caji da data da zafin waya, amma tsohon batir ma yana haka, kar ki gina hukunci a kansu. Abin da nake so maigidanki ya ji shi ne, kayan ba daga wayarki zuwa tasa suke tafiya kai tsaye ba. Sai sun fara sauka a rumbun kamfanin, a wata ƙasa, a hannun mutanen da bai sani ba, kuma kamfanonin nan sakaci ne da su. An yi wa LetMeSpy kutse a 2023 har ya rufe, an yi wa pcTattletale a 2024 shi ma ya rufe, mSpy ba sau ɗaya bayanansa suka zube ba. A 2021 hukumar kula da kasuwanci ta Amurka ta haramta wa SpyFone da shugabansa wannan sana'a gaba ɗaya. Mutumin da ba ya son kwastoma ya yi wa matarsa addu'ar zumunci, shi ne zai kwashi hotunanta na cikin ɗaki ya ajiye wa ƙattin duniya?

Me ya sa na ce kar ki cire tukuna? Domin da kin cire zai gani, kuma masu aiki da matan da ake bibiya, irin gamayyar ƙungiyoyin da ta haɗu a 2019 don yaƙi da waɗannan manhajoji, gargaɗin da suke fara yi ke nan: mai sa ido in ya ga an rufe masa hanya yakan harzuƙa. Kin ce bai taɓa ɗaga miki hannu ba, na yarda, ke kika san mijinki. Duk da haka gara magana ta riga aiki. In kin wayi gari kin canja komai shiru, kin miƙa masa labarin da yake nema, ya ce ga shi nan, da ma na faɗa. Waya ta ɓoye ta fi wannan muni. Ranar da aka gan ta cikin buhun shinkafa ko ƙasan akwati, kuma za a gan ta, yara ma sun isa, babu wanda zai tsaya jin yadda aka faro. Mahaifinki da kansa zai sunkuyar da kai, gaskiyar da kike da ita yau ta tafi.

Ramuwa kuma laifi ɗaya ne da nasa. Kuma bari in faɗi abin da wasu 'yan'uwana mata ba sa son ji: mu ma muna yi. Nawa ne ke jiran minshari ya kankama su ɗauki yatsan miji su dangwala a waya, don su ga ko akwai wata a hanya? Haramcin ɗaya ne. Inda aka bambanta shi ne abin da ke biyo baya. Mace in ta ga abu a wayar miji ta yi kuka, ta yi yaji, ta kira ƙawa, a ƙarshe a ce mata ai namiji mijin mace huɗu ne. Namiji in ya ga abin da bai gane ba a wayar matarsa, yana iya karɓe wayar, ya rufe sana'ar, ya hana zuwa gida, ya rubuta takarda, gari kuma ya ce ai ruwa ba ya tsami banza.

Wannan bambancin shi 'yan rajin haƙƙin mata suke ta nunawa, waɗanda aka ce sun ɓata ki. Ba sai kin yarda da duk abin da suke faɗa ba, ni ma akwai inda muke rabuwa, amma a nan abin da suka gani yana nan. Su suka dage cewa ana iya danne mutum ba tare da an taɓa jikinsa ba: a san inda yake kowane lokaci, a zaɓar masa wanda zai yi magana da shi, a riƙe hanyar kuɗinsa, a raba shi da aminansa ɗaya bayan ɗaya har ya rasa wanda zai tambaya ko abin da ake masa daidai ne. Dagewarsu tana cikin abin da ya sa a 2015 aka mayar da irin wannan juya abokin zama laifi a Ingila da Wales, da ɗaurin da zai iya kai shekara 5, ko ba duka. A gida nan, cibiyar CITAD ta Kano ta yi bincike kan mata da intanet a Arewa, ta samu fiye da rabin mazan da ta tambaya ba sa son matansu su hau. Kin ga ke nan tun kafin ki taɓa wayar zargin yana zaune yana jira. Ki lissafa abin da ya fita daga hannunki cikin 'yan watanni: aminiya, kwastoma, da sakewar biyawa kasuwa. In ya sake ce miki feminisanci, kar ki tsaya wanke kanki, ki mayar da shi kan tambayar wa ya kai maganar baiwar Allah nan majalisa.

Doka ma tana gefenki, ko da yake ban ce ki nufi ofishin 'yan sanda gobe ba. Sashe na 37 na tsarin mulkin 1999 ya kare sirrin ɗan ƙasa da gidansa da wasiƙunsa da maganarsa ta waya, bai ware matar aure ba. Dokar laifukan intanet ta 2015 ta haramta tare saƙonnin mutum ta na'ura ba da izini ba. Dokar hana cin zarafin mutane (VAPP) ta 2015, wadda jiharku ta yi irinta a 2018, ta sa cutarwa ta zuciya da bibiyar mutum cikin laifuka. Wanda zai ce wannan duk tsarin Turawa ne, a gaya masa Saudiyya ta sanar a 2018 cewa leƙen wayar miji ko mata ba izini yana iya jawo ɗaurin shekara 1 da tarar riyal 500,000.

Maganar kanta kada ta zama a tsakiyar faɗa, ko ta saƙo, ko a gaban yara. Ki bari ya ci ya huta. Kada ki fara da "haƙƙina", ki fara da tambaya: "Abban yara, don Allah me ka taɓa gani a wurina da ya sa ka daina yarda da ni?" Sai ki yi shiru ki bar shi ya amsa. Wataƙila wani ya kawo masa magana, wataƙila labaran majalisa ne suka cika masa kai, wataƙila ganin kuɗi na shigo miki ba ta hannunsa ba ne ya firgita shi, kuma wannan na ƙarshen maza ba su cika yarda su faɗa ba. Wasu za su ce miki mai zargi shi ne mai yi. Ni ba zan yi masa zaton da nake hana shi yi miki ba.

Daga nan ki faɗa masa abin da kika gani a wayar, ba da sigar an kama ɓarawo ba, ki kuma faɗa masa abin da za ki yi a fili: "Zan cire abin da aka haɗa, zan canja lambar sirri, don akwai amanar mutane a ciki, ka ga dai abin da ya faru da wance. Duk abin da kake son sani ka tambaye ni, zan gaya maka." Akwai abin da za ki iya bayarwa da hannunki ba tare da kin ragu da komai ba. In za ki biya wani wuri bayan inda kika ce, ki kira ki faɗa, kyautata zama ne. In kwastomomi maza ne damuwarsa, ki ware layin sana'a ki sa masa WhatsApp Business, duk hirar cinikin da ta tsaya masa a rai ku buɗe ku duba tare kina zaune. Hirarki da Umma da 'yan'uwanki da ƙawayenki kuwa ba ta cikin abin da za a yi ciniki a kai.

Bayan maganar sai aiki, kuma kar ki ja shi. Ki je da NIN ɗinki ki yi rajistar layi da sunanki, ki je banki a mayar da alat da lambar da ke kan BVN ɗinki kansa. WhatsApp yana da wurin canja lamba wanda ke tafiya da guruf-guruf ɗinki, ya kuma sanar da mutanenki, ba za ki rasa kwastoma ba. Ki buɗe sabon imel da kanki, lambar nemo shi in an manta ta zama sabon layin. Ki kunna tabbatarwa mai mataki biyu a WhatsApp, lamba 6 ce, kuma don Allah kar ta zama ranar haihuwar ɗanki. Ki goge zanen yatsan da ba naki ba. In kina zargin akwai manhaja a ciki, ki kwashe hotuna da lambobi, a mayar da wayar yadda ta fito daga kamfani, manhajojin kuma ki sake sauke su ɗaya-ɗaya da kanki. In za ki kai wa mai gyara ki tsaya a kansa, kar ki bar masa waya da lambar buɗewa ki ce za ki dawo, an sha jin hotunan mata sun fita ta nan.

In ya ƙi, ko ya ce ki zaɓa tsakaninsa da waya, magana ta wuce ku biyu. Aya ta 35 a Suratun Nisa'i ta ce a tashi mai sulhu daga danginsa da mai sulhu daga danginki. Ki nemi wanda yake jin nauyinsa, yayansa ko kawunsa ko malamin da yake ɗaukar karatu a wurinsa, daga naki ɓangaren kuma waliyyinki. A gabansu kada ki ce "yana duba mini waya", za su ce yanzu wannan ma magana ce? Ki ce ya saurari sirrin matar wani ya kai majalisa har aurenta ya girgiza. Dattijo duk tsaurinsa ya san ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Umma ma haka za ki sake kai mata maganar. Haƙurin da ta sani na rashi ne da na kishiya da na halin dangin miji, a zamaninta babu namijin da ke jin abin da ta faɗa wa yayarta a ɗaka. Ki tambaye ta ko ta san saƙonnin da take turo miki surukinta yana saurare, za ki ga fuskarta ta canja.

Aminiyarki kuma ki taka ki je har gida. Ki gaya mata gaskiyar yadda aka yi, don a yanzu gani take ke kika kai ta. Ta yafe ko ba ta yafe ba, haƙƙinta ne ta sani. Sauran na kusa da ke ki faɗa musu da baki cewa kafin ki gyara, kar a turo abin da ba a son namiji ya ji.

In bayan duk wannan ya ƙwace wayar, ko ya hana ki zuwa gidanku, ko ya ce zai nuna wa mutane hotunanki da hirarki, ko hannu ya fara tashi, an bar maganar kishi. Ki gaya wa waliyyinki a ranar. Hotunan shaida su zauna a wurin ƙanwarki, ke kuma ki haddace lambar mutum biyu da ka. Ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA tana da reshe a Kaduna, akwai ƙungiyar kare haƙƙin mata ta WRAPA, akwai ofishin hukumar kare haƙƙin ɗan'adam ta ƙasa, kuma suna sauraron irin wannan ba sai an ga jini ba. Allah ya daidaita tsakaninku, ya raya zuri'a.